Maganin ciwon suga mai rage yurik asid: Shin ta nan yake kare zuciya?

A unguwar Misaimir da ke kudancin Doha, babban birnin Katar, akwai cibiyoyin lafiya biyu masu ɗauke da sunan unguwar. Ɗaya tana ƙarƙashin hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasar, inda iyalai ke zuwa ganin likita. Ɗayar kuma ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Katar ce ke gudanar da ita domin ma'aikata 'yan ci-rani. Ba nisa da su, a yankin Abu Hamur, akwai ofishin da baƙi ke zuwa gwajin lafiya kafin a ba su takardar zama, inda ake ɗibar jini a kuma ɗauki hoton ƙirji don neman cututtuka masu yaɗuwa, irin su tarin fuka da ciwon hanta.

Sai dai ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi tayar wa hukumomin lafiyar Katar hankali ba mai yaɗuwa ba ce. Binciken da ƙasar ta gudanar a 2012 bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya gano cewa kashi 16.7 cikin 100 na 'yan ƙasar masu shekara 18 zuwa 64 suna da ciwon suga, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. Baƙi kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, daga Indiya da Nepal da Masar da Sudan har zuwa Gana da Najeriya, su ma cutar ba ta ƙyale su ba.

A ƙaddara cewa wani direba ɗan Kano, mai shekara hamsin da 'yan kai, yana aiki a Doha, yana kuma da ciwon suga nau'i na biyu da hawan jini. Likita ya ƙara masa wata sabuwar ƙwaya a kan metformin ɗin da ya saba sha. Bayan wata uku ya karɓi takardar gwajin jininsa, ya ga sugansa ya ɗan sauka. Can ƙasa kuma akwai wani layi da ba kasafai ake duba shi ba, na sinadarin yurik asid, shi ma ya sauka, alhali ba wanda ya ba shi maganinsa. Likitan ya kuma shaida masa cewa wannan ƙwaya tana kare zuciya da ƙoda.

Abin da zai fara zuwa zuciyar kowa shi ne a haɗa biyun: maganin ya rage yurik asid, shi ya sa yake kare zuciya. Masana da dama sun yi wannan zato, an kuma kashe kuɗi da shekaru ana gwada shi. Amsar da aka samu ta shafi duk mai ciwon suga, ko a Doha yake ko a Maraɗi.

Mene ne yurik asid?

Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ce ko ta dabba ko tsiro, tana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira fiyurin. Idan ƙwayoyin jiki suka tsufa suka mutu, ko mutum ya ci nama, hanta na farfasa waɗannan sinadarai, abin da ya rage a ƙarshe shi ne yurik asid. Shara ce da jiki ke fitarwa kullum: ƙoda na fitar da kimanin kashi biyu cikin uku ta fitsari, hanji ya fitar da sauran.

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san shi da ido ko da bai san sunansa ba, domin shi ne farin nan da ke jikin kashin kaza da na tantabara. Shanu da awaki da karnuka suna da wani sinadari a hantarsu da ke ƙara narkar da shi ya zama abin da ruwa ke wankewa cikin sauƙi. Ɗan Adam ba shi da wannan sinadari, shi ya sa yurik asid ya fi yawa a jininsa nesa ba kusa ba.

Jini na iya riƙe shi a narke har zuwa kimanin miligram 6.8 a kowace desilita. Idan ya haura haka ya daɗe, sai ya fara daskarewa ya zama 'yan tsinkaye masu kama da allura, su taru a gaɓɓai. Ranar da garkuwar jiki ta far musu, mutum zai farka cikin dare da babban yatsan ƙafa a kumbure, ya yi ja, yana zogi har ba ya son mayafi ya taɓa shi. Wannan ita ce cutar gawut, wadda Larabawa ke kira niƙris, suke kuma yi mata laƙabi da cutar sarakuna saboda alaƙarta da cin nama. A ƙasar Hausa sau da yawa akan jefa ta cikin buhun sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, abin da kan jinkirta gano ta.

Masanin sinadarai ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara gano yurik asid a 1776 a cikin tsakuwar mafitsara. A 1848 likitan Landan Alfred Garrod ya nuna cewa yana da yawa a jinin masu gawut. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kuma likitoci suka lura cewa masu wannan matsala sukan kasance da hawan jini da ciwon ƙoda, ba su kuma cika yin tsawon rai ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Gardamar da aka shafe fiye da shekara ɗari ana yi ita ce ko yurik asid ɗin ne ke yin ɓarnar, ko kuwa alama ce kawai ta ɓarnar da wani abu ke yi.

Inda ciwon suga ya shigo

Mai ciwon suga nau'i na biyu, tun kafin cutar ta bayyana, jikinsa kan daina jin maganar insulin, don haka jiki ya riƙa samar da shi fiye da kima. Yawan insulin kuma yana sa ƙoda ta riƙe yurik asid maimakon ta sake shi. Ƙiba na ƙara wa abin ƙarfi. Haka ma sukarin furuktos da ke cikin lemon kwalba da sukarin shayi, domin sarrafa shi a hanta na haifar da yurik asid kai-tsaye. Wanda bai cika cin nama ba amma yake shan shayin karak mai kaurin sukari da madara sau huɗu ko biyar a rana, kamar yadda aka saba a Doha, bai kuɓuta ba. Katar ta sanya harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemo mai gas tun farkon 2019, Najeriya kuma ta sanya naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021.

Akwai kuma magunguna. Ƙwayoyin sa fitsari da ake bai wa masu hawan jini da masu gazawar zuciya suna ɗaga yurik asid. Ƙaramin asfirin da ake sha kullum shi ma yana ɗan ɗaga shi, haka pyrazinamide na masu tarin fuka. Losartan, wani maganin hawan jini, shi rage shi yake yi. Metformin, wanda shi ne ginshiƙin maganin ciwon suga a ko'ina, ba ya wani taɓa shi.

Likitoci sun kuma daɗe da lura da wani abu mai ɗaure kai. Yurik asid yana hawa a farkon ciwon suga, amma idan cutar ta yi tsanani har suga ya fara malala cikin fitsari, irin wanda tururuwa ke taruwa a kansa, sai ya koma yana sauka. Sugan da ke bi ta bututun ƙoda yana jan yurik asid ya fita tare da shi. A kan wannan hanya ce sabbin magungunan suka faɗo, ba tare da an nufi hakan ba.

Daga ɓawon itacen tuffa zuwa asibitin zuciya

A kowace rana ƙoda na tace kimanin giram 180 na suga daga jini, sannan ta mayar da kusan dukkansa, kada ya salwanta. Wata ƙofa da ke jikin bututun ƙoda, wadda masana ke kira SGLT2, ita ke yin kusan kashi 90 cikin 100 na wannan aiki. Tun 1835 aka ciro wani sinadari mai suna filorizin daga ɓawon itacen tuffa, aka kuma gano daga baya cewa yana sa suga fita ta fitsari, amma bai dace a yi magani da shi ba saboda yana ɓata ciki. Sai a wannan ƙarni aka ƙera 'ya'yansa da suka dace: Tarayyar Turai ta amince da dapagliflozin a 2012, Amurka ta amince da canagliflozin a 2013, empagliflozin ya biyo baya a 2014. A kantin magani an fi sanin su da Forxiga da Invokana da Jardiance.

Aikinsu shi ne su rufe waccan ƙofa, mutum ya riƙa zubar da giram 60 zuwa 80 na suga a fitsari kullum, kwatankwacin cokalin shayi 15 zuwa 20. Saboda haka mai shan su, in aka gwada fitsarinsa, dole a ga suga, kuma wannan ba alamar taɓarɓarewar cutar ba ce.

Ba a yi tsammanin wani abin kirki daga gare su ta fuskar zuciya ba. Hasali ma tsoro ne ya sa aka gwada. A 2007 likitan zuciya Steven Nissen na asibitin Cleveland ya wallafa nazarin da ya nuna cewa rosiglitazone, wani maganin ciwon suga da ake ji da shi a lokacin, yana iya ƙara haɗarin bugun zuciya. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta wa kamfanoni su tabbatar da cewa duk sabon maganin ciwon suga ba ya cutar da zuciya.

Sakamakon gwajin empagliflozin, mai suna EMPA-REG OUTCOME, ya fito a watan Satumban 2015 a wani taro a Stockholm. An bibiyi mutum 7,020 masu ciwon suga da cutar jijiyoyin jini na kimanin shekara uku. Waɗanda suka sha maganin, idan aka kwatanta su da waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba magani a cikinta, mutuwa sanadin zuciya ta ragu a cikinsu da kashi 38 cikin 100, kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ta ragu da kashi 35, mutuwa ta kowane sanadi ta ragu da kashi 32. An fita neman tabbacin cewa maganin ba ya kisa, aka dawo da shaidar cewa yana ceton rai.

Abin da ya fi rikita masana shi ne, bambancin suga tsakanin rukunin biyu ɗan kaɗan ne, kuma amfanin ya fara bayyana cikin 'yan watanni, da sauri fiye da abin da saukar suga zai iya bayyanawa. Daga nan aka gwada shi a kan waɗanda ba su da ciwon suga sam. Gwajin DAPA-HF na 2019, mai mutum 4,744 da ke da gazawar zuciya, wato halin da zuciya ke kasa tura jini yadda ya kamata har ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, ya nuna raguwar kashi 26 cikin 100 na taɓarɓarewar cutar ko mutuwa, kuma fiye da rabin mutanen ba su da ciwon suga. A 2020 aka ga irin haka a masu ciwon ƙoda. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan rukuni cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Katar ma ta rungume su. Wani nazari da masana a Jami'ar Katar suka yi, cikinsu har da Farfesa Ahmed Awaisu, wanda ya yi digirinsa na farko na haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya duba magungunan ciwon suga da aka rubuta a asibitocin Hamad daga 2016 zuwa 2020. Ya nuna cewa metformin ne ke kan gaba, yayin da rubuta sabbin magungunan ke ta ƙaruwa.

Zama da maɗaukin kanwa

Tunda ba saukar suga ce sirrin ba, sai aka shiga lalube. A nan ne ido ya koma kan yurik asid. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 62 ya nuna cewa waɗannan magunguna suna rage shi da kimanin miligram 0.6 a desilita, raguwar kan fara cikin makonnin farko ta kuma dore. Da aka sake lissafa alƙaluman EMPA-REG, sauyin da aka gani a kaurin jini, wanda ke nuna raguwar ruwan da ya yi wa jiki yawa, shi ya fi tafiya tare da raguwar mace-mace, da kusan rabi. Yurik asid ya zo a bayansa da wani kaso da ba za a raina ba.

Amma tafiya tare daban, haddasawa daban. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ganin fari a kan mutum bai isa hujjar cewa shi ya ɗauko kanwar ba. Yurik asid kullum yana zaune ne da ƙiba da hawan jini da raunin ƙoda da ƙwayoyin sa fitsari, kowannensu kuwa ya isa ya jawo ciwon zuciya shi kaɗai. Hanya ɗaya ta raba gardama ita ce a rage yurik asid shi kaɗai, a bar komai yadda yake, a ga abin da zai faru. Maganin yin hakan kuwa yana nan tun shekarun 1960, kuma mai araha ne: allopurinol.

An yi wannan gwaji a Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Isla Mackenzie ta Jami'ar Dundee, aka wallafa shi a mujallar Lancet a 2022 da sunan ALL-HEART. Kusan mutum 6,000 ne, 'yan shekara 60 zuwa sama, masu cutar jijiyoyin zuciya amma ba su da gawut. An bai wa rabi allopurinol mai ƙarfi, aka bibiye su kusan shekara biyar. Yurik asid ya sauka ƙwarai, fiye da yadda sabbin magungunan ciwon suga ke saukar da shi. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa kuwa ba su ragu ba ko kaɗan.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 2015 an gwada allopurinol a kan masu gazawar zuciya a Amurka, bai sauya halinsu ba. A 2020 gwaje-gwaje biyu, ɗaya a kan masu ciwon suga nau'i na ɗaya, ɗaya a kan masu ciwon ƙoda a Ostireliya da New Zealand, sun nuna cewa rage yurik asid bai hana ƙoda ci gaba da lalacewa ba. Masu nazarin gado su ma sun duba mutanen da aka haifa da halittar da ke sa yurik asid ɗinsu yawa tun yarinta. Galibin waɗannan nazarce-nazarce sun same su da gawut sosai, amma ba su sami ƙarin cutar jijiyoyin zuciya da za a kafa hujja da ita ba. A ɗaya ɓangaren, allurai irin su liraglutide da semaglutide suna rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba tare da sun yi wa yurik asid wani abin a-zo-a-gani ba. Kuma a gwajin empagliflozin a kan masu gazawar zuciya, maganin ya amfani masu yurik asid da yawa kamar yadda ya amfani masu kaɗan.

Idan aka tara waɗannan, hukuncin da ya fi kusa da gaskiya a yau shi ne yurik asid shaida ne a kan halin da jiki ke ciki, kuma saukarsa ga mai shan sabon maganin alama ce cewa ƙoda ta karɓi maganin. Kariyar zuciyar tana zuwa ne ta wasu hanyoyi: fitar da gishiri da ruwa, sauke matsin da ke kan matatun ƙoda, ɗan rage hawan jini da nauyi, da sauyin yadda tsokar zuciya ke amfani da makamashi. Har yanzu masana na jayayya kan wacce ta fi ƙarfi a cikinsu.

Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka, a jagorarta ta 2020, ta ba da shawarar kada a ɗora mutum a kan maganin rage yurik asid don kawai gwaji ya nuna yana da yawa, matuƙar bai taɓa yin gawut ba. Likitocin Japan sun fi saurin ba da magani a irin wannan hali, amma ra'ayinsu bai yi rinjaye a duniya ba. Akwai dalilin yin taka-tsantsan: allopurinol, ko da yake ba kasafai ba, yana iya jawo mummunar saɓulewar fata da kan kai ga mutuwa, kuma halittar da ke ƙara wannan haɗari ta fi yawa a mutanen wasu ƙasashen gabashin Asiya da baƙar fata. Sayen sa a kemis don an ga lamba ta yi ja a takardar gwaji kasada ce marar riba.

Ga mai gawut, lissafin ya bambanta

Duk wannan bai sa saukar yurik asid ta zama banza ba. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya duba bayanan kusan mutum 300,000 masu ciwon suga a Amurka, ya gano cewa a cikin kowane mutum 1,000 da aka ɗora a kan magungunan SGLT2, kimanin biyar ne ke kamuwa da gawut a shekara, a kan kusan takwas a cikin waɗanda aka ɗora a kan allurai irin su liraglutide. Wani nazarin daga Kanada a 2023 ya nuna cewa waɗanda tuni suke da gawut, tashin ciwon ya ragu a gare su, haka ma bugun zuciya. Waɗannan nazarin bayanan asibiti ne, ƙarfinsu bai kai na gwajin da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a ba, amma duk sun fuskanci alƙibla ɗaya.

Tashin gawut kansa ba ƙaramin abu ba ne ga zuciya. Masana a Jami'ar Nottingham sun nuna a 2022 cewa haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki yana kusan ninkawa a cikin wata biyu bayan ciwon ya tashi, sannan ya riƙa sauka. Abin da ake zargi shi ne kumburin da ke game jiki a lokacin. Colchicine, tsohon maganin gawut da ke kwantar da kumburi ba tare da ya taɓa yurik asid ba, ya rage matsalolin zuciya a manyan gwaje-gwaje biyu na 2019 da 2020, ko da yake na uku, a 2024, bai ga hakan ba.

Akwai kuma abin da mai ciwon kan yi da hannunsa. Idan yatsa ya kumbura cikin dare, mafi sauƙi shi ne a aika yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen. Waɗannan suna kashe zogin, amma suna riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga hawan jini, suna kuma iya durƙusar da ƙodar da ciwon suga ya riga ya raunana. Duk maganin da zai rage yawan irin waɗannan darare ya yi wa zuciya hidima ta bayan gida. Sai dai magungunan SGLT2 ba su maye gurbin allopurinol ba ga wanda gawut ke tasar masa a kai a kai, domin irin wannan ana so yurik asid ɗinsa ya sauka ƙasa da miligram 6, abin da ba kasafai suke iya yi su kaɗai ba.

Zafin Doha da watan azumi

Maganin da aikinsa shi ne ƙara fitsari yana buƙatar lura ta musamman a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 watanni a jere. Tun 2021 dokar Katar ta haramta aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Ma'aikacin da ke zufa tun safe, yana shan ƙwayar sa fitsari saboda hawan jini, aka kuma ƙara masa wannan, zai iya samun jiri da faɗuwar jini idan bai sha ruwa isasshe ba. Ƙishirwa ita kanta tana ɗaga yurik asid, tana tayar da gawut, tana kuma haifar da tsakuwar ƙoda. Manomi a Sakkwato ko ɗan acaɓa a Maraɗi cikin watan Afrilu yana fuskantar irin wannan hali, kuma shi ba dokar da ta ba shi hutun tsakar rana.

Game da azumi, jagorar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar a 2021 tare da ƙawancen likitoci masu nazarin ciwon suga da Ramadan ba ta hana waɗannan magunguna ba, domin su kaɗai ba su cika faɗar da suga ƙasa ainun ba. Shawarar ita ce kada a fara su dab da azumi ko a cikinsa, a mayar da shan su lokacin buɗa-baki, a kuma yawaita ruwa tsakanin magariba da sahur. Tsofaffi da masu raunin ƙoda da masu shan ƙwayar sa fitsari su ne ake so su fara zama da likita tun cikin Sha'aban. Babbar Sallah kuma na da nata: kwana uku ana cin hanta da ƙoda da farfesun kayan ciki, ana korawa da lemon kwalba, ya isa ya kwantar da mai gawut.

Illar da aka fi gani ita ce ƙaiƙayin gaba, ga mata da maza, musamman mazan da ba su da kaciya, saboda sugan da ke cikin fitsari. Tsarki da ruwa bayan kowane fitsari yana taimakawa, kuma ana warkar da shi cikin sauƙi. Wadda ta fi haɗari, ko da yake ba ta da yawa, ita ce taruwar sinadarin kiton har jini ya yi tsami, abin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2015. Makircinta shi ne tana iya zuwa alhali na'urar gwajin suga na nuna lamba mai kyau. Amai da ciwon ciki da kasala da numfashi sama-sama ga mai shan wannan magani dalili ne na zuwa asibiti nan take. Shi ya sa ake dakatar da shi idan mutum na fama da amai da gudawa ko zazzaɓin da ya hana shi cin abinci, da kuma kwana uku kafin tiyata. Ba a ba masu juna biyu da masu shayarwa, kuma galibi ba a ba masu ciwon suga nau'i na ɗaya.

Katar ta kuma samar da shaida a kan wata hanyar da ba ta ƙwaya ba. A gwajin DIADEM-I da Farfesa Shahrad Taheri na kwalejin Weill Cornell da ke Doha ya jagoranta, aka wallafa a 2020, matasa da masu matsakaicin shekaru da ba su daɗe da kamuwa da ciwon suga ba sun bi tsarin rage abinci da motsa jiki ƙarƙashin kulawar likitoci. Sun rage kimanin kilo 12 a shekara guda, kuma kashi 61 cikin 100 sugansu ya daidaita ba tare da magani ba, a kan kashi 12 a rukunin da aka yi wa kulawar da aka saba. Rage ƙiba shi ma yana sauke yurik asid, in dai a hankali aka yi shi, domin yunwar gaggawa kan tayar da gawut.

Daga Misaimir zuwa Kano

Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 5.77 cikin 100 na 'yan Najeriya ne ke da ciwon suga, kuma arewa maso yamma ce ke da mafi ƙaranci, kashi 3. Wannan bai kai ko rabin na Katar ba. Amma wani bincike na 2012 a kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashe tara na Afirka, ciki har da Najeriya, ya nuna cewa matsakaicin shekarunsu 52 ne kacal, kuma hawan jini ne babban sanadi. A Turai wannan cuta ce ta 'yan saba'in da 'yan kai. A nan tana kama mutum ne yana tsakiyar ciyar da iyali, kuma ita ce cutar da waɗannan magunguna suka fi yi wa tasiri.

Cikas ɗin shi ne kuɗi. Direban da ke Doha, da katin lafiyarsa, yana samun magani a farashi mai rangwame. Ranar da kwangilarsa ta ƙare ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, zai tarar da cewa ƙwayar ta fi metformin da glibenclamide tsada sau da yawa, kuma mafi yawan mutane daga aljihunsu suke biya. Samfuran da kamfanonin Indiya ke yi sun fara sassauta farashin, amma sai a kantin da ke da rajista, a kuma duba lambar NAFDAC. Kariyar da maganin ke bayarwa ba ta daɗewa bayan an daina shan sa, yurik asid ma kan koma inda yake. Don haka kafin ya bar Misaimir, ana so ya karɓi takardar da ke ɗauke da sunan maganin na asali, dapagliflozin ko empagliflozin, ba sunan kamfani kaɗai ba, da adadin da yake sha, da sakamakon gwajin ƙodarsa na ƙarshe, domin shi ne abin da likitan Kano zai fara tambaya kafin ya sake rubuta masa.